Ranar da na amsa ni ce uwarta

Lokacin da aka fara allurar nan ta 'yan mata, 'ya'yana biyu ne shekarunsu suka shiga ciki, amma da wani ya tambaye ni a gaban mutane, ɗaya zan ce masa. Ta farin ba a lissafa ta. Haka muka taso muka tarar a danginmu: 'yar fari ba ka faɗin sunanta, ba ka yi mata wasa, ba ka nuna ka san ta ci ko ba ta ci ba. Ranar da aka yaye ta, surukata ta goya ta ta tafi da ita Darki, ni kuma na juya baya ina wanke-wanke kamar akuyar maƙwabta aka zo kwancewa. Kwano ɗaya sai da na wanke shi sau huɗu. Daga nan ta zama 'yar Inna, don Inna muke ce wa surukar tawa. Ni in zan ambace ta sai in ce waccan, ita kuma Yaya take ce mini, yadda aka koya mata.

Babansu ma bai fi ni ba. Gyaran babur yake yi kusa da gada, mutum ne mai baki, har fasinjan da ba nasa ba yana yi wa faɗa. Amma in yarinyar ta zo Wudil da sallah ta durƙusa ta gaishe shi, taya yake kallo ya amsa.

Da farko bin yara ake yi da allurar. Za ka ga ma'aikata da akwatin sanyi a kafaɗa suna shiga makarantun boko da islamiyyu, suna zama a ƙofar mai unguwa, har bakin kasuwa. 'Yan mata daga shekara tara zuwa sha huɗu, allura ɗaya tak. Ƙanwarta mai bi mata a makaranta aka yi mata. Ta kawo takarda, babansu ya sa hannu ya bar mata shaidar baƙin mai a gefe, washegari ta dawo da tawada a ɗan yatsa da kati mai haruffa uku, HPV, tana tallafe da hannu kamar daga yaƙi ta dawo. Kwana uku ba ta taɓa tsintsiya ba, amma hannun bai hana ta cin tuwo ba.

A unguwa kuwa an sha magana. Wasu suka ce ta hana haihuwa ce aka lulluɓe. Maƙwabciyata mai 'ya'ya goma sha ɗaya ta ce in dai gaskiya ne, don Allah a nuna mata inda ake bin layi, a bar yara su huta. Ni ban sa baki ba, dama ba ni da yawan magana. Amma na riga na ji bayanin a ajinmu na yaƙi da jahilci, inda malamarmu ta ce rigakafin sankarar bakin mahaifa ce, ta kuma faɗi yadda ciwon yake kama mace: jini ba lokacinsa ba, ruwa mai wari, ciwon mara da baya. Tana faɗa ina ganin goggona. Shekara biyu tana wanke tsummokaranta a ɓoye tana shanyawa a bayan rumbu, tana turare ɗakinta har ido ya yi yaji. Da aka kai ta Kano aka ce an makara. Ni na yi jinyarta a ƙarshe, ina budurwa, kuma har ta rasu ba ta taɓa faɗa mini inda ke mata ciwo ba. Ƙafa take cewa.

Don haka da aka yi wa ƙaramar na ji daɗi, na kuma ɗauka waccan ma an yi mata a can, tunda an ce har ƙauyuka ana shiga. Tambaya ba ta kamace ni ba. Sai bayan watanni, da ƙaramar ta je hutu Darki ta dawo da tsegumi cike da baki, na ji yadda aka yi. Ma'aikatan sun je har ƙofar gidan. Suka ga yarinya suka tambayi shekarunta, Inna ta ce sha shida. Suka ce ayya, ta wuce, suka yi gaba.

Inna ba da kalanda take lissafi ba, da gona take yi. Yarinyar an haife ta ana saura kwanaki a fara yankan gero, to da aka cika rumbu sai Inna ta ba ta shekara ɗaya, tana jaririyar da ko wuya bai tsaya ba. Akwai kuma wata damina da shukar fari ta ƙone aka sake wata, ita ma Inna biyu take ƙirga ta, wai ai wahala biyu aka sha. Da wannan lissafin babansu ma ya kusa girmar kawunsa. Kowa a dangi ya san haka, ba kuma wanda ya taɓa cewa uffan, don ba a taɓa samun abin da shekara za ta hana mutum ba sai wannan karon.

Ni kuwa ina wurin da aka haife ta, ko da yake ba a so in tuna. Kuma ina da abin da ba wanda ya san ina da shi. Katin asibiti na haihuwarta yana can ƙasan kwallata, a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali. Lokacin da aka ba ni shi ban iya karatu ba, na dai ɓoye ne kawai, kamar mai ɓoye abin sata, don da Inna ta gani da ta ce ga marar kunya tana ajiyar kayan 'yar fari. Ranar da na ji labarin na rufe ƙofa na ciro shi, na sauko da kalandar da mai kemis ya ba mu, na bi lamba da yatsa yadda malama ta koya mana. Na ƙirga sau uku, don ni da lissafi ba mu gama sabawa ba. Shekararta goma sha huɗu, saura sati biyar ta cika sha biyar.

Da na kai autana rigakafi a asibitin unguwarmu, na jira sai da layi ya ragu na tambayi ma'aikaciyar, na ce wai 'yar wata maƙwabciyata ce ba a yi wa allurar 'yan mata ba, yaushe masu akwati za su sake zagayowa. Ta ce ai an gama wannan zagayen, yanzu allurar ta dawo asibiti, ranar rigakafi ake yin ta tare da ta jarirai. Uwa ko uba ko mai riƙon yarinya shi zai kawo ta ya ce ya yarda. Ta ce in gaya wa maƙwabciyar tawa ta hanzarta, wadda ta cika sha biyar ba sa yi mata. Na ce to, zan gaya mata. Na dawo gida ni da maƙwabciyar duka a cikin hijabi ɗaya.

Da can, da ake bin yara, ba mai neman uwa. Yanzu sai an gan ta, ga shi kuma uwar ba ta da izinin zama uwa.

Na fara da babansu. Bayan ya ci abinci ya sha ruwa, na ce waccan ta wurin Inna ba a yi mata allura ba. Ya ce ai Inna ta ce ta wuce. Na ce anya kuwa lissafin ya yi daidai. Ya dube ni kamar na ce ya je ya ture gada. Ya ce shi da ya je ya gyara wa mahaifiyarsa lissafi, kuma a kan 'yar fari, gara a ba shi babur ba inji a ce ya tayar. Sannan ya ce maganar mata ce, ya ɗauki hularsa.

Sai na shirya na tafi Darki da kaina, da ɗan sabulu da goro. Muka gaisa da Inna, muka gaisa, muka sake gaisawa: gajiya, gida, yara, mai gyaran babur, zafi, ƙafa, awaki, har wata tinkiya da ta mutu bara sai da na yi mata jaje na biyu. Waccan ta kawo mini ruwa ta durƙusa, na karɓa ina kallon kaji. Na ga ta yi tsawo, siririya, da ɗan tabo a goshi da ban san lokacin da ta samu ba. Muna ɓarar gyaɗa sai na ce, kamar da kwaryar nake magana, wai an ce yaran da aka haifa daminar da katangarmu ta faɗi ba su wuce allurar nan ba tukuna. Inna ta ce wace damina ke nan, ai katangar nan taku kowace shekara faɗuwa take, ɗana bai iya zaɓen magini ba. Na ce haka ne. Na dawo Wudil da kwaryar gyaɗa, sati ɗaya ya tafi.

Dabarar da na yi daga baya ba ni alfahari da ita, amma ba zan ɓoye ba. Inna tana da hawan jini, kuma ba ta zuwa ko'ina sai da yarinyar a bayanta riƙe da jaka. Sai na aika mata cewa ranar Talata ana awon jini a asibitinmu, ma'aikaciyar kuma mai hannu ce, ta zo a duba ta. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ana awon. Niyyata in Inna ta shiga ɗakin awo, in ja yarinyar gefe, in miƙa wa mai allura katin a ɓoye, a yi abin da za a yi ba wanda ya buɗe baki. Talatar farko Inna ba ta zo ba, wai ana suna a maƙwabta. Ta biyu aka yi ruwa. Ta uku sai ga su a bayan a-kori-kura, Inna a zaune kan buhun wani kamar ita ta sayi motar.

Abin da ban lissafa ba shi ne asibitin namu ranar ma'aikaciya ɗaya ce a bakin aiki. Tebur ɗaya a baranda, abin awon jini a dama, akwatin allura a hagu, benci biyu cike da matan unguwarmu da jariransu, har da mai 'ya'ya goma sha ɗaya, da na sha biyun a gaba. Ba ɗakin da Inna za ta shiga, ba gefen da zan ja kowa.

Ma'aikaciyar yarinya ce 'yar birni mai tabarau, Hausarta da ɗan Turanci a ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Ta ɗaura wa Inna abin awo, ta matsa, ta ce jinin ya ɗan hau, a rage gishiri. Inna ta ce gishirin da ya raini ubanta ba zai kashe ta ba. Ana cikin haka ma'aikaciyar ta ɗago ta ga yarinyar tsaye da jaka, ta tambaya ko an yi mata allurar 'yan mata. Da na san da kanta za ta tambaya, da ban sha wahalar ƙulla komai ba.

"Wannan ta wuce," in ji Inna. "Sha shida."

Ma'aikaciyar ta ce to shi ke nan, ta fara kwance abin awon. Na ga an kusa tashi. Hannuna yana cikin hijabi riƙe da katin har ya jiƙe da gumi. Na tuna sati biyu ne suka rage, Inna kuma ba za ta sake hawa buhun kowa ta zo Wudil a cikinsu ba. Sai na matsa na ajiye katin a kan tebur, a hankali, kamar wani ne ya yar na tsinta.

Ta buɗe ta karanta, ta ƙirga a wayarta, ta ce ai wannan sha huɗu ce, saura kwanaki ma ta fita. Sannan ta karanta sunan da ƙarfi, cikakke har da na uba, yarinyar ta amsa. Inna ta juyo ta dubi katin, ta dube ni. Ni kuma na sami wani ƙusa a jikin tebur na tsura masa ido.

"Shekara goma sha shida ina ciyar da ita," Inna ta ce, "yau kwali ya fi ni sani."

Ma'aikaciyar ta ce Hajiya Kaka, tunda ke ce mai riƙonta, kin yarda a yi mata? Inna ta gyara mayafi ta ce ita ba ta yarda ba, ba ta kuma hana ba. Yarinyar da ta sani sha shida ce, an ce ta wuce. Wannan 'yar sha huɗun ba ta san ta ba, a nemi mai ita.

Idanun baranda duka suka dawo kaina. Duk matan nan sun san ni, sun san ko wace ce yarinyar, rabinsu ma sun ci tuwon sunanta. Ba wadda ta taimake ni. Mai 'ya'ya goma sha ɗaya har gyara zama ta yi don ta gani da kyau.

Ma'aikaciyar ta tambayi yarinyar ina mamanta. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jaka. Ita ma an koya mata nata rabon kunyar, ba za ta nuna ni da yatsa ba. Sai ma'aikaciyar ta juyo gare ni.

"Mama, ke kika kawo katin. Mece ce alaƙarku?"

Na ce 'yar gidanmu ce. Ta ce 'yar gidanku ta yaya, ƙanwa ce ko 'yar miji ko 'yar riƙo, don akwai gurbin da za ta cike. Har yau ban sani ba ko da gaske ba ta gane ba ne, ko ta gane sarai tana so ta ji ƙarshen wasan. Na buɗe baki na faɗa. Ni dai na ji na faɗa, amma ko ƙusan da nake kallo bai ji ba.

"Ɗan ɗaga murya, Mama, janareto yana ƙara."

"Ni na haife ta," na ce. "A yi mata."

Wata daga bayan benci ta ce la'ilaha illallahu, a hankali, kamar an ga wata da rana. Maƙwabciyata ta ce ashe dai bakin yana aiki, shekara nawa suna zaton ado ne. Aka kwashe da dariya. Ma'aikaciyar ko a jikinta, ta tura mini rajista ta ce in dangwala. Na ce zan rubuta. Na rubuta sunana, harafin farko ya fi sauran girma, ta duba ta ce ya yi.

Allurar kanta ba ta kai a ba da labarinta ba. Aka ɗage hannun riga, aka goge, aka soka, aka cire. Yarinyar ko ƙiftawa ba ta yi ba, ba kamar ƙanwarta ba. Aka ce ta zauna a benci na ɗan lokaci a ga ko jiri zai ɗebe ta, aka ba ta katinta. Tsohon katin kuma ma'aikaciyar ta miƙo, ni da Inna muka miƙa hannu tare. Na janye nawa. Inna ta karɓa, ta juya shi sama da ƙasa, ta riƙe shi a kife tana dubawa kamar mai neman inda ya yi ƙarya, sannan ta ajiye mini shi a cinya.

Muka fito. A hanya Inna tana gaba, yarinyar a tsakiya, ni a baya da jakar, don na karɓe ta da hujjar hannu. Muka isa tasha. Na saya musu rake, Inna ta ce haƙoranta sha shida ne suka rage, in kuma ina da kwalin da ya ce ba haka ba in fito da shi. Ta hau mota ba ta amsa sallamata ba.

Labarin ya riga ni isa wurin babansu, don kafin la'asar ya kai bakin gada. Da ya dawo bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Ya dai tsaya yana wanke hannu da kananzir ya fi na kullum daɗewa, sannan ya tambayi buta ko hannun yarinyar ya kumbura. Na gaya wa butar bai kumbura ba.

Sati uku Inna ba ta aiko ko da gaisuwa ba. Na san hukunci yana tafe, na dai rasa ta inda zai ɓullo. A unguwa kuwa na zama abin nuni. In na shiga gidan suna sai a ce a matsa wa uwar 'yar fari. Wata amarya mai cikin fari ta ja ni gefe ta tambaye ni wai da gaske na faɗa, kuma ban suma ba. Na ce ban suma ba, amma ban ba ta shawarar ta gwada ba sai in ta kama.

Ranar wata Asabar da hantsi ina tankaɗe sai na ji sallama. Yarinyar ce ita kaɗai, karon farko da ta taɓa zuwa ba sallah ba, ba rakiya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Inna ce ta aiko ta da saƙo. Ta faɗe shi tana kallon ƙasa, da alama an sa ta haddace. Wai tunda na tashi a gaban jama'a da janareto na ce ni na haife ta, to ga ta nan, daga yau kitsonta ya dawo wuyana, duk sati biyu. Ita Inna yatsunta sun gaji da kan da ba nata ba. Ta zare ɗankwali, kan a tsefe, an ma wanke shi an shafa mai.

Ni ban iya kitso ba, duk unguwa an sani. Na ƙanwarta ma maƙwabciya nake kai wa. Inna ta fi kowa sanin haka.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, na ɗauko tsinke da mataji, ta zauna a tsakanin ƙafafuna ta kwantar da kai a gwiwata. Rabona da taɓa kan nan tun yana da taushi a tsakiya. Gashinta irin na goggona ne, mai cika, mai gardama. Na tsaga layin farko ya tafi a karkace kamar hanyar shanu, na warware na sake. Ƙanwarta tana gefe tana dariya, tana cewa wannan in ta fita da shi sai an tambaye ta wa ta yi wa laifi. Na kai layi na uku ke nan sai yarinyar ta ɗan motsa.

"Yaya, hannunki da zafi."

Na ce ta yi haƙuri ta zauna daidai, saura layi tara.